Daga Illela zuwa Kuala Lumpur: kafin ka ɗaure akwati, fara gyara layin wayarka

Duk wanda ya tashi a Illela ya san wani abu da ɗan Kano ko ɗan Zariya ba ya sani sai ya yi tafiya, wato ita ma waya tana da ƙasarta. Ka matsa kusa da shingen iyaka kaɗan, sai sabis ɗin Najeriya ya fara rawa, wayar ta fara lalubar na Nijar. Shi ya sa za ka ga ɗan kasuwa da layi biyu a waya ɗaya, mai +234 a rami ɗaya, mai +227 a ɗaya ramin. MTN ko Airtel na nan gida, Moov ko Zamani ko Airtel ta Nijar don mutanen Ƙonni. Ranar Lahadi a kasuwar Illela yaro ɗan shekara 15 zai juya maka naira zuwa sefa da ka, kafin kai ka gama buɗe kalkuletar wayarka. Lokacin da takardun naira suka ɓace a farkon 2023, garuruwan bakin iyaka da sefa suka riƙa ciniki. An rufe iyakar a Agustan 2019, aka buɗe a Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris ɗin 2024, kuma duk cikin wannan hawa da sauka mutane ba su daina kiran juna ba, ba su daina biyan juna bashi ba.

Na kawo wannan ne saboda maganar Maleshiya da ta yawaita a bakin matasanmu. Wani ƙaro karatu yake so a Jami'ar Musulunci ta IIUM da ke Gombak, wani UPM a Serdang, wani kuma kwamfuta yake son karanta a APU ko a Cyberjaya. Malaman jami'o'in arewa da yawa can suka yi digirinsu na biyu da na uku, saboda karatun ya fi na Ingila sauƙin kuɗi, da Turanci ake koyarwa, ga masallaci a kowace unguwa. Idan hira ta tashi a kan tafiyar, abin da ake tattaunawa shi ne kuɗin jirgi, da kuɗin makaranta, da yawan kilon garin tuwo da kuka da daddawar da za a bari mutum ya shiga da su. Ban cika jin ana maganar layin waya ba, alhali ni a ganina shi ne abin da zai fara kayar da mutum.

Ra'ayina shi ne, ɗan Illela ya fi kowa shirin zama a birni irin Kuala Lumpur, kuma ya fi kowa hatsarin faɗa wa rami a can. Ya saba da layi biyu, kuɗi biyu, hukuma biyu, wannan riba ce. Amma duk abin da ya iya, a kan sanayya ya iya shi. A nan fuskarka da sunan mahaifinka su ne shaidarka. A can babu wanda ya san gidanku. Lambar wayarka, wadda aka ɗaure da fasfonka, ita ce kai. Da ita za ka biya kuɗin shayi, da ita za ka kira mota, da ita banki zai gane ka, kuma da ita 'yan sanda za su neme ka idan wani ya yi ɓarna da sunanka.

Layin gida da ake mantawa

Mu fara da wanda ke cikin wayarka yanzu. Wannan layin shi ke ɗaure da BVN ɗinka da NIN ɗinka, shi ke karɓar lambar OTP ta banki, da shi ka buɗe OPay ko Moniepoint, da shi ka buɗe WhatsApp, watakila har Gmail da Facebook da shi za ka dawo da su idan ka manta kalmar sirri. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC, layin da ya yi wata 6 ba a yi wani abin da ke kawo wa kamfani kuɗi da shi ba, ana dakatar da shi. Idan ya ƙara wasu wata 6 a haka, kamfani na da damar sayar wa wani. Digiri na biyu yana cin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, na uku ya fi haka. Ka yi lissafin da kanka. Kana can kana fama da rubutun bincike, wani a Aba ko Ibadan ya sayi sabon layi, saƙon bankinka ya fara shiga wayarsa.

Dabarar da aka fi yi ita ce a cire layin a bar wa ƙane ko mata, in OTP ya shigo a turo ta WhatsApp. Na fahimci dalilin, amma ban yarda da dabarar ba. Tsakaninmu da Maleshiya awa 7 ne. Ƙarfe 9 na safe a can, lokacin da kake tsaye gaban ma'aikacin makaranta kana son biyan wani kuɗi, ƙarfe 2 na dare ne a Illela. Lambar OTP kuwa mintoci kaɗan take yi ta mutu. Ko da ƙanen ya farka, wataƙila wayar ba caji, wataƙila tana wurin mai cajin kuɗi a bakin kasuwa. Sannan ka ɗora wa yaro amanar da ta fi ƙarfinsa, domin duk wanda ya saci wayar nan ya saci ƙofar asusunka.

Abin da ya fi shi ne ka tafi da layinka. Kafin ka tashi, ka je ofishin kamfanin a Sakkwato, ka tabbatar sunan da ke kan layin naka ne kuma ya dace da NIN ɗinka harafi da harafi, ka kuma tabbatar an buɗe maka romin, wato tsarin da ke ba layi damar aiki a ƙasar waje. Karɓar saƙon tes a waje galibi ba ya cin kuɗi. Abin da ke cinye kuɗi shi ne data da amsa kira, don haka ka kashe datar wannan layin gaba ɗaya a saitin waya. Kada ka dogara da saƙonnin da ke shigowa wajen raya layin. Lokaci zuwa lokaci ka sa masa kati ta manhajar banki, ka tura tes ɗaya gida. MTN na da wani tsari mai suna Keep My Number, wanda za ka biya a riƙe maka lambar na shekara ko fiye, ga wanda ba ya son wannan ɗawainiyar. Ka kuma sauke manhajar bankinka ka gwada ta tun kana gida, saboda lambobin nan na tauraro da muke dannawa mu tura kuɗi ba lallai su yi aiki daga waje ba.

WhatsApp ɗinka zai ci gaba da aiki da lambar Najeriya ko da ka sa layin Maleshiya, ba sai ka canza ba. Ka dai kunna tabbaci mai mataki biyu, ka sa PIN da imel. Sai dai ka sani, idan layin ya koma hannun wani, PIN ɗin jinkirta shi kawai zai yi na ɗan lokaci.

Takardun tafiyar ma yawancinsu ta waya ake bin su. Bizar ɗalibai tana bi ta hannun hukumar EMGS, kuma a shafinta kana iya duba inda takardarka ta kai da lambar fasfonka, ba sai wani ejan ya ce maka "ana kan aiki" ba. Idan ejan ya karɓi kuɗinka wata biyu, ka duba shafin ba ka ga sunanka ba, ka san inda aka kwana. Akwai katin shiga ƙasa na intanet, MDAC, wanda ake cikewa cikin kwana 3 kafin isowa. Kyauta ne a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar, amma akwai shafukan bogi da ke karɓar kuɗi a kansa. Katin rigakafin shawara kuma dole ne ga wanda ya fito daga Najeriya. Wanda ya saba tsallakawa Ƙonni a kan babur da gaisuwa kawai, ya kamata ya shirya zuciyarsa, domin wannan wata irin iyaka ce daban. Ba jirgi kai tsaye, sai ka bi ta Doha ko Addis Ababa ko Istanbul, kuma a kowane zango takarda ake tambaya.

Ranar farko

Filin jirgin KLIA yana Sepang, kimanin kilomita 50 daga tsakiyar birni. Jirgin ƙasa na KLIA Ekspres yana kai mutum tashar KL Sentral cikin minti 28 a kan ringit 55, bas kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Sabon ɗalibi dai yawanci makaranta ce ke turo wanda zai tarbe shi. Amma tun a filin za ka ga shagunan layin waya: CelcomDigi, da Hotlink na kamfanin Maxis, da U Mobile. Da fasfo ake rajista. A nan ne jarabawar farko take zuwa, domin tsohon ɗalibin da ya zo tarbarka, cikin kyakkyawar niyya, zai iya ce maka yana da wani layi da ba ya amfani da shi, ka riƙe kawai. Ka yi masa godiya, ka sayi naka. Duk abin da za ka buɗe daga wannan rana, asusun banki, jakar kuɗi ta waya, rajistar makaranta, yarjejeniyar haya, a kan wannan lambar za ka gina shi. Ranar da mai layin ya kammala karatu ya koma gida, ko layin ya ɓace kana son a sabunta, kamfani zai nemi fasfon da aka yi rajista da shi, kai kuma ba naka ba ne. Layin can ma yana da wa'adi, idan ka daina sa masa kuɗi yana mutuwa, kuma ya fi namu saurin mutuwa.

Wayar kanta fa? Maleshiya ta rufe sabis ɗin 3G tun ƙarshen 2021. Idan wayarka ba ta da 4G, intanet sai dai ka gani a hannun wasu. Idan tana da 4G amma ba ta da VoLTE, wato kira ta kan 4G, duk kiran da za ka yi sai ta gangara 2G. Ka duba saitin wayarka tun yanzu. Yawancin Tecno da Infinix da Redmi na shekarun nan ba su da matsala, kuma ramin layi biyun nan da muka raina shi ne babbar ni'imarsu. Mai iPhone mai rami ɗaya sai ya mayar da ɗaya layin eSIM. Cajarka mai ƙafa uku za ta shiga soket ɗinsu daidai, domin irin na Ingila suke amfani da shi kamar mu. Abin dariya, wanda ya je Ƙonni, tafiyar da ba ta kai ta cin goro ɗaya ba, ya fi buƙatar canza kan caja fiye da wanda ya tsallaka rabin duniya, tunda Nijar soket mai ƙafa biyu irin na Faransa take amfani da shi. Idan waya ta lalace ko kana son sabuwa, Plaza Low Yat a Bukit Bintang ita ce Farm Centre ɗinsu, bene a kan bene duk waya da kwamfuta. Ana ciniki, kuma ana yi wa baƙo tsada kamar ko'ina.

Cikin kwana 7 da isowa za a yi maka gwajin lafiya, sannan makaranta ta karɓi fasfonka ta kai a manna masa takardar izinin karatu. Wannan yana ɗaukar makonni. A tsawon lokacin ba ka da fasfo a hannu, kuma yawancin bankuna ba za su buɗe maka asusu ba sai takardar ta fito. Don haka ka riƙe tsabar kuɗin da za ta kai ka wata guda ko fiye, ka ɗauki hoton kowane shafi na fasfonka, da wasiƙar makaranta, ka ajiye a waya da kuma Google Drive, ka buga kwafi a takarda ka sa a aljihu.

Bayan nan rayuwa takan koma cikin waya kusan gaba ɗaya. Mai sayar da abinci a bakin titi ma yana da lambar QR a manne, ta tsarin DuitNow, wanda duk bankuna da jakunkunan kuɗi suka haɗu a kai. Ka ɗora kyamara, ka rubuta kuɗin, shi ke nan, ba jiran alat, ba "netwok ya riƙe". Manhajar Touch 'n Go eWallet ita ce aka fi amfani da ita, kuma baƙo na iya rajista da fasfo. Akwai kuma katin Touch 'n Go na roba, wanda da shi ake shiga jiragen LRT da MRT da Monorail da bas ɗin Rapid KL. Bas ɗin ba ta karɓar tsabar kuɗi, kada ka shiga kana laluben aljihu. Za ka ji abokan karatu 'yan ƙasa suna maganar My50, tikitin wata na ringit 50, amma wannan nasu ne su kaɗai. Ba kabu-kabu a bakin hanya da za ka ɗaga wa hannu. Grab ake kira, wadda ta haɗiye harkar Uber a yankin tun 2018, kuma kuɗinta yakan haura da zarar hadarin la'asar ya sauko, abin da yake yi kusan kullum a wasu watanni.

Wani abu da ya kamata masu son fasaha su lura da shi: tun 2022 babban bankin ƙasar, Bank Negara, ya umarci bankuna su bar tura OTP ta tes, su koma amincewa ta cikin manhaja, kuma a ɗaure asusu da waya guda ɗaya tak. Idan ka canza waya akwai sa'o'in jira kafin a bar ka ka motsa kuɗi. Tsari ne mai kyau, na so a ce bankunanmu sun kwaikwaya. Amma ma'anarsa ita ce ranar da wayarka ta faɗi a jirgin ƙasa, ba ka da kuɗin abinci, ba ka da na mota, ba ka da taswirar komawa gida. Ka riƙa ajiye 'yan ringit a ɗaki, da lambobin mutum biyu ko uku a rubuce a takarda.

Inda zumunci ke zama tarko

Yanzu ga inda na fi son a tsaya. Ta yaya kuɗi ke zuwa daga gida? Akwai hanyar banki, ta Form A don kuɗin makaranta, mai tsafta amma mai jan lokaci. Katin naira ya daina aiki a waje a yawancin bankuna tun 2022, sai a 2025 wasu suka dawo da shi da iyaka. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, kuɗin da uba ya ware wa ɗansa na shekara yana iya narkewa kafin rabin shekara. Saboda haka ɗalibai suka koma ga abin da ɗan Illela ya fi kowa sani: canji na hannu da hannu. Ka tura wa wani naira a asusunsa na Najeriya, shi ko wani nasa ya turo maka ringit a can. A guruf ɗin WhatsApp ake haɗuwa, minti biyar an gama.

A bakin iyakarmu wannan tsari yana tafiya ne saboda ɗan canjin yana da rumfa, yana da iyali, gobe ma nan za ka same shi, kuma sefar da ya miƙo maka takarda ce, ba ta ɗauke da tarihin inda ta fito. Ringit ɗin da ya shigo asusunka kuwa yana da sawu. Idan kuɗin daga asusun wata tsohuwa da aka damfara ya fito, ta kira 997, lambar cibiyar kai ƙarar damfara da aka buɗe a 2022, to sawun nan ƙofarka zai kawo. Za a rufe asusun, a kira ka ofishin 'yan sanda, kuma bayanin cewa wani ne a guruf ya turo ba ya wanke kowa. 'Yan sandan ƙasar suna da shafi mai suna Semak Mule, inda za ka sa lambar asusu ko ta waya ka ga ko an taɓa kai ƙararta. Ka yi amfani da shi. Ka kuma lura ko sunan wanda ya turo kuɗin shi ne sunan wanda kuka yi magana da shi. Idan suna uku daban-daban suka turo maka kuɗi ɗaya a gutsure, wannan ba ɗan canji ba ne, wanki ake yi da kai.

Mafi muni shi ne aron asusu. Wani zai ce takardarsa ba ta fito ba, ka taimaka a turo masa kuɗi ta naka, ko ka ba shi katin ATM ɗinka na kwana biyu, har da ɗan ihsani. A gida wannan ba komai ba ne, kullum muna karɓar wa maƙwabta kuɗi. A can laifi ne mai zaman kansa, kuma a 2024 sun ƙara wa dokar laifuka sassa na musamman a kan masu ba da asusunsu. Ɗalibin da aka samu da wannan, ko bai ci ko sisi ba, karatunsa ya shiga garari.

Haka batun saƙo. Mu mutane ne masu ba da saƙo. A tashar Illela ba motar da za ta tashi zuwa Sakkwato ba tare da ƙullin wani a ƙarƙashin kujera ba, kuma abin kunya ne a ce ka buɗe ka duba. Wannan ɗabi'ar ka ajiye ta a gida. Sashe na 39B na dokar miyagun ƙwayoyi ta Maleshiya ta 1952 yana ɗauke da hukuncin kisa. A 2023 an cire tilascin hukuncin, aka bar wa alƙali zaɓi, amma zaɓin ɗaya shi ne ɗaurin shekara 30. Rahoton Amnesty International na 2019 ya nuna cewa a cikin baƙin da ke jiran kisa a ƙasar, 'yan Najeriya sun fi na kowace ƙasa yawa. Ba a filin jirgi kawai abin yake ba. Wani zai ce a turo masa kaya ta adireshinka da lambar wayarka tunda ba ya gida. Sunan da ke kan kwalin shi ake kamawa.

Na san abin da wani zai ce: to ai wannan rashin mutunci kake koya wa yara, baƙo a ƙasar mutane wa yake da shi in ba ɗan uwansa ba? Gaskiya ne, kuma ban raina wannan magana ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Tsofaffin ɗalibai su ne za su nuna maka inda ake samun ɗaki, su kai ka kasuwar Chow Kit ka sayi nama da kayan miya, su zauna da kai a asibiti. Ka ci da su, ka ranta musu kuɗi idan kana da shi, ka ba su wurin kwana. Abu uku kawai nake cewa ba a aro: layinka, asusunka, da sunanka a kan kaya. Wanda ya san ƙasar da gaske ba zai ma tambaye ka su ba.

Dalilin da ya sa na matsa shi ne, ba a ba mu uzurin da ake ba wasu. Wannan magana ce mara daɗi amma dole a faɗe ta. Za ka ga ɗaki a Mudah ko iBilik ko PropertyGuru, ku gama magana da mai gida lafiya lau, da ya tambayi ƙasarka ka faɗa, sai ya daina amsawa. An sha ganin tallan haya da ke cewa ba a son 'yan Afirka, har wasu rukunin gidaje sun taɓa rataya kyalle a kan haka. Shawarata ita ce ka faɗi ƙasarka da makarantarka a saƙon farko, ka huta da ɓata lokaci. Kada ka tura kuɗi kafin ka ga ɗakin da idonka, domin tallan bogi da hotunan sata sun yi yawa. Ka kuma shirya wa al'adarsu ta biya: kuɗin wata 2 na ajiya, wata 1 na gaba, da rabin wata na wuta da ruwa. Wata uku da rabi ke nan kafin ka kwana, ko da yake wanda ya saba biyan hayar shekara guda a dunƙule ba zai ga abin da yawa ba. Jami'an shige da fice kuma suna kai samame. A Yulin 2019 wani ɗan Najeriya mai karatun digiri na uku ya rasu a tsare a hannunsu, alhali takardar karatunsa tana da inganci. Kada ka fita ko shagon ƙasan bene ba tare da shaida ba, ka kuma ajiye lambar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku da ta ofishin jakadancin Najeriya da ke yankin Ampang.

Masu tunanin za su yi aiki su biya kuɗin makaranta, su sake lissafi. Izinin karatu ya yarda da awa 20 ne kawai a mako, lokacin hutu, a wurare ƙalilan kamar gidan abinci da otal da gidan mai, shi ma sai da amincewar hukuma. Tallan da ke yawo a Telegram da TikTok kuwa, na aikin kwamfuta a Tailan ko Kambodiya da albashin dala, tikiti kyauta, ba a buƙatar gogewa, ka guje shi. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2023 aƙalla mutum 120,000 ne ake tsare da su a Myanmar ana tilasta musu damfarar intanet, da kimanin 100,000 a Kambodiya. Yawancinsu da irin wannan tallan aka ja su, aka karɓe fasfo a ranar farko.

Sauran al'amura masu sauƙi ne, ba sai na ja su ba. Abincin halal ko'ina, ka dai nemi tambarin hukumar JAKIM idan kana shakka. Shagunan mamak, na Musulmi 'yan asalin Indiya, wasunsu ba sa rufewa dare da rana, kuma roti canai da shayin teh tarik za su ɗebe maka kewar mai shayin unguwarku. Kowace babbar kasuwa tana da surau, ɗakin salla. Shafi'awa ne, don haka za ka ji liman ya bayyana bisimilla, ya yi ƙunutin asuba a bayyane da hannu a ɗage, kada ka ɗauka an yi kuskure. Harshensu ma yana da dangi da namu ta wajen Larabci: Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu, Ahad. Ka iya ranakun mako tun kafin ka sauka. Juma'a ranar aiki ce a Kuala Lumpur, ana dai tsawaita hutun rana don masallaci.

Lokutan salla ne za su ɗan rikita ka. Azahar sai bayan ƙarfe 1, magariba bayan 7, asuba wajen 6, don haka ka canza wa manhajar sallarka gari da tsarin lissafi zuwa na JAKIM, in ba haka ba za ta yi ta kiran salla a lokacin Sakkwato. Ka sa agogo biyu a fuskar wayar. Lokacin da ya fi dacewa da kiran gida shi ne bayan azahar ɗinka, sa'ad da su kuma suka idar da asuba suna karyawa, ko kuma ƙarfe 11 na darenka, lokacin la'asar ɗinsu. Ranar Lahadi kuwa kada ka wahalar da kanka da yamma: ƙarfe 7 naka tsakar rana ce a Illela, kasuwa ta cika, ba wanda zai ji ƙarar waya a cikin kara.